Tukwanen Asibi da Shokazoban Almu

Akwai wani direba a Damari mai suna Almu, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙauyuka. Yana da tsohuwar a-kori-kura, yana ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Yankara.

A lokacin kowane direba ado ya sa gaba. Abokinsa Zailani ya sa wa motarsa ham mai waƙa da rediyo mai kaset. Almu ma ya tara 'yan kuɗinsa don ya yi irin wannan.

Wata ranar kasuwa ya ɗauko Inna Asibi, wata dattijuwa maginiyar tukwane daga unguwar Maguzawa. Ta jera tuluna da tukwane a cikin ciyawa, ta zauna kusa da su.

Hanya duk ramuka. Motar na tsalle, tana dawowa da ƙarfi. Da suka isa Yankara aka buɗe ciyawa, tukunya uku kaɗai suka tsira.

Almu ya tsaya yana jiran faɗa. Inna Asibi kuwa sai ta durƙusa tana tsince fasassun tana zubawa a zaninta.

"Inna, mi za ki yi da su?"

"Zan daka in haɗa da sabon yumɓu, ɗana. Aikin wata biyu ne, ba ni barinsa a titi."

Maganar nan ta hana Almu sakat. Washegari ya nufi Ƙanƙara wurin Malam Nata'ala, tsohon makanike.

Malam Nata'ala ya danna bayan motar da hannu biyu ya saki. Ta yi sama ta yi ƙasa har sau huɗu kafin ta tsaya.

"Ka gani? Mai lafiya sau ɗaya take yi. Shokazobanka sun mutu, su ne ke shanye girgizar hanya. Dubi mai na tsiyaya daga jikinsu."

Ya fito da iri biyu. Ɗaya ja ne mai sheƙi, ɗayan baƙi ne ba kyan gani.

"Jan nan ƙwari gare shi, na masu lodin buhuna ne. Baƙin shina da laushi, shi ya dace da mutane da kayan fashewa. Mi kake ɗauka?"

"Tsofaffi, Malam. Da tukwane, da ƙwaryar nono."

"To baƙin za ka sa, kuma duka huɗu. In ka sa ɗaya ka bar sauran, wahalar banza ka yi."

Almu ya san kuɗin rediyo sun tafi ke nan. Sai ya ce, "A sa."

Da ya koma tasha, Zailani ya zagaya motar yana dariya.

"Ina sabon abin? Kai ka kashe kuɗi a inda sai an kwanta ƙasa za a gani!"

Direbobi suka yi ta shewa. Almu ya ji zafi, amma ya haɗiye.

Bayan wata biyu ya je har ƙofar gidan Inna Asibi ya roƙe ta ta sake gwada shi. Da ƙyar ta yarda. A Yankara da hannunta ta buɗe ciyawar, tana ƙwanƙwasa kowace tukunya tana saurare. Babu ko tsaga ɗaya.

Ta ɗaga wani tulu sama ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa. "Ku zo ku gani! Motar Almu ta kawo su lafiya!"

Daga ranar masu nono da masu ƙwai da tsofaffi suka koma jiran motarsa, ko da wata motar ta riga tasa zuwa.

Wata safiya sai ga Zailani a ƙofar gidansa, babu dariya a fuskarsa. Mahaifiyarsa, Hajiya Mero, ta zame a bakin rijiya ta bugu a ƙugu. Ya sa ta a motarsa zai kai ta asibitin Funtua, amma ko fita gari ba su yi ba ta fara kuka ta ce a sauke ta.

"Ta ce in ba motarka ba, ba ta shiga," in ji Zailani, kansa a ƙasa.

Almu bai tuna masa komai ba. Ya aika tasha a sallami fasinjojinsa, ya shimfiɗa katifa a baya, ya ja motar a hankali. Zailani na zaune kusa da uwarsa yana riƙe da hannunta.

Da suka tsaya a ƙofar asibiti, Hajiya Mero ta buɗe ido.

"Mi ya sa muka tsaya?"

"Mun iso, Hajiya."

"Har mun iso?" Ta kamo hannun Almu. "Allah shi yi maka albarka, ɗana."

Almu ya ce amin, ƙirjinsa cike da farin ciki. A hanyar dawowa Zailani ya yi gyaran murya ya ce, "Gobe ka raka ni wurin Malam Nata'ala."

Darasi: Kada ka ji kunyar gyara abin da ido ba ya gani, matuƙar zai sauƙaƙa wa mutanen da suka amince da kai. Ka tura wa direban da ka sani, da duk wanda ake yi wa dariya don ya zaɓi inganci.