Kwabon 1930 da Ya Sha Lemon Tsami

Lachlan Pengelly mutumin kirki ne, amma haƙuri bai ratsa ta ƙofar gidansa ba. Shi ne zai shuka tumatir da safe, da yamma ya tone ya ga ko ya yi saiwa. Watansa biyu kacal a ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kuɗi a garin Bendigo, amma duk mun gama sanin halinsa.

Wata Asabar ya faɗo zauren da muke taruwa yana haki.

"Jama'a, ku ajiye shayin nan! Ku zo ku gani!"

Ya warware hankici, sai ga kwabo mai duhu kamar ganyen shayin da aka dafa. A gwangwanin tabar marigayi babansa ya same shi, yana taya mahaifiyarsa Beryl kwashe kaya daga ɗakin da ke yoyo. Norm Trewin, dattijon ƙungiya, ya riƙe shi ta gefe, ya kafa masa gilashin ƙara girman abu. Sai ya ɗago ya ce:

"Na 1930 ne!"

Zaure ya kaure da ihu. Ni kaina sai da na ɓarar da shayi a wando. Kaɗan ƙwarai aka buga a shekarar, kuma kowannenmu da mafarkinsa ya girma. Lachlan har da tsalle, don rufin gidan Beryl ya ruɓe, kuma in ba a sake shi ba, dole ta sayar da gidan ta koma gidan tsofaffi. Kuɗin kwabon nan kuwa zai isa a sake rufin.

"Saurara, yaro," in ji Norm. "Aika shi wurin masu tantancewa. Su za su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi daraja, su rufe shi a roba. Mako shida ne. Kafin nan kada ka wanke, kada ka goge, ko numfashi kada ka yi a kansa."

"Mako shida? Haba dattijo, kai da ke kwana uku kafin ka zaɓi safa! Hoto zan ɗauka, gobe masu saye su yi layi."

Ya koma gida ya ɗauki hoto ya fi talatin, duk suka fito dusu-dusu. Da ya sa kwabon kusa da taga, ya kafa wayar ta daina rawa, da magana ta ƙare. Ina! Sai ya yanko lemon tsami, ya barbaɗa gishiri, ya hau murza da tsohon buroshin haƙori. Ya kira ni a waya.

"Abokina, ka ga yadda yake walƙiya kuwa? Sai ka ce yau aka buga shi!"

Na ce, "Lachlan, me ka yi?"

Ya riga ya sa hoton a dandalin masu saye na intanet. Babu wanda ya taya. Wasu suka ce jabu ne, wani ya rubuta cewa wanda ya yi wannan aika-aika a ƙwace masa buroshi. Dole ya koma ga shawarar Norm, ya jira makon shidan da ya raina.

Ranar da sakamako ya zo, ni da Norm da Lachlan muka je gidan Beryl. Lachlan ya buɗe kwalin a teburin kicin. Kwabon na gaske ne! Amma inda lambar daraja za ta zauna, sai aka rubuta cewa an goge shi. Norm ya ce abin da dillali zai bayar yanzu ba zai rufe ko rabin gidan ba.

"Duhun nan da ka kankare shi ake saye," in ji shi. "Sama da shekara casa'in yana taruwa."

Beryl ta ɗauki robar, ta daɗe tana jujjuya ta.

"Ɗana, babu abin da ban goge ba a gidan nan, har ƙusoshin ƙofa. Wannan kaɗai babanka ya roƙe ni in bari, kuma na bari."

Kafin ruwan sama ya sauka, wanda a garinmu da hunturu yake zuwa, an kafa allon sayarwa a ƙofar gidan.

Darasin a fili yake. Abin da ba ka san darajarsa ba, kada ka yi gaggawar gyara shi don ya burge ido. Kai shi wurin masana, ka ji maganarsu, ka daure ka jira. Ɓarnar gaggawa ba a kan mai gaggawar kaɗai take tsayawa ba, takan faɗa kan wanda yake ƙoƙarin taimako.