Motar Sharafaddeen da Ƙofar da Ya Kulle

A Kankiya an yi wani bakanike mai suna Sharafaddeen. Hannunsa na da kyau, kowa ya shaida, amma ba ya son a gyara masa, kuma ba ya son a ce da taimakon wani ya yi abu.

Wata rana ya je duba injin ban-ruwa a Kusada, sai ya ga wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu a bayan gidan wani tsohon malamin gona da ya rasu. Irin motocin tseren nan ce ta da, marar rufi, kaji har sun yi ƙwai a cikinta. Magada suka sallama masa ita, ya jawo ta gida ya saka a shagon da ke jikin zaurensa.

Wata bakwai yana kanta. Ya kankare tsatsa, ya sauke injin ya wanke, ya sa mata birki na zamani, ya fesa mata jan fenti. Tun ranar farko yake kulle ƙofa ta ciki, don burinsa ya fito da ita kwatsam gari ya ɗauka.

Baba Jaji, wanda ya koya masa sana'a, ya tare shi a bakin masallaci ya ce, "Sharafa, na ji kana shiga ƙarƙashin mota kai ɗaya. Aiko a ɗaukar maka ƙafafun ƙarfena ka tallafe ta. Jak ba abin amincewa ba ne."

"Baba, na gode, amma bulo ma ya ishe ni," in ji shi.

Ita kuwa matarsa Lailatu, sau ɗaya ta buga ƙofar ya yi mata tas. "In na rufe, ko gobara ake kada ki buga. Aje abincin nan ki tafi."

Ranar wata Laraba da hantsi ya shiga ƙarƙashi zai ɗaura salansa. Wani noti ya ƙi kwantuwa, ya ja sifana da ƙarfi. Jak ya zame, bulon ya dagargaje, motar ta sauko masa a ƙirji da ƙafar hagu.

Ya yi ƙoƙarin ihu, sai iska kawai ta fito. Wayarsa na kan benci yana hango ta, hannunsa bai kai ba. Injin markaɗen maƙwabta na ta ruri. Kowane numfashi sai ya yi kokawa kafin ya samu, baƙin mai na ɗiga masa a kunci, ba halin sharewa. Ya dubi sakatar da ya zura da hannunsa, hawaye suka zubo masa.

Da azahar ya ji takun Lailatu. Ta ƙarƙashin ƙofa ya ga ƙafafunta, ya ga ta aje kwano. Ta ɗan tsaya. A zuciyarsa yana roƙo, "Buga, Lailatu, don Allah buga." Ba ta buga ba. Ta juya ta koma ciki kamar yadda ya umarce ta.

Daga nan ƙafar ta daina ciwo, wannan kuwa ya fi ciwon tsorata shi. Ya yi ta kalmar shahada. Sai da aka kashe injin markaɗe wajen la'asar ya lalubo sifana da yatsu, ya shiga ƙwanƙwasa ƙarfen motar a hankali.

Lailatu ta fito ɗaukar kwano ta tarar awaki sun kifar da shi. Ta kara kunne a ƙofa. "Baban Kamila? Lafiya kake?" Ƙwanƙwasar ta ƙaru. Ta ruga da gudu ko mayafi babu, tana kiran jama'a.

Baba Jaji ne ya ɓalle ƙofar da ƙarfen cire taya. Maza shida suka ɗaga motar, aka zaro shi.

Ya yi wata biyu a asibiti a Katsina. An ceto ransa, amma likita ya ce ƙafar ba za ta ƙara taka kuloci ba. Dole aka sa motar a kasuwa. Ranar da wani mai saye ya zo daga Kaduna, Sharafaddeen na zaune a dakali da sandunansa. Mutumin ya murza makulli, injin ya tashi da wani sauti mai daɗi, unguwa ta fito kallo. Motar ta sha kwana ta ɓace, shi ko sau ɗaya bai taɓa tuƙa ta ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta ba ta hana mutum buƙatar mutane. Wanda ya ƙi shawarar na gaba da shi, ya kori na kusa da shi don kada a raba yabo da shi, ya sani ranar da wuya ta zo babu mai jin kiransa. Mu riƙa karɓar gyara, mu bar wa 'yan'uwa hanyar isowa gare mu.