Ruwan Randar Inna Barira

Akwai wani mutum, Almustapha, ma'aikaci a Kaduna, wanda aka haifa a wani ɗan gungu a tsakiyar tafkin Kainji, can gaban Wara. Mahaifiyarsa, Inna Barira, da bandar kifi ta ɗauki nauyin karatunsa. Shekara tara bai kai mata iyalinsa ba. Ɗansa Jabir, mai shekara takwas, muryarsa kawai ta sani a waya.

Da aka yi hutun makaranta, sai Almustapha ya ce za su je yaron ya ga tsibiri, ya buɗe ido. Ku lura fa, tsibiri za a je gani, tsohuwa ƙari ce.

A cikin jirgin inji Jabir bai zauna ba. Ya ga yara sa'anninsa suna tuƙa kwalekwale su kaɗai, ya ga masunci ya jefa raga ta buɗe a sama. Komai sai ya tambaya. Da gungun ya fara bayyana, uban ya sunkuya ya rage murya.

"Ka ji ni da kyau. In mun isa kar ka sha ruwansu, kar ka ci komai. Mutanen gungu ba su san tsabta ba. Ga namu nan a jaka."

Yaro ya gyaɗa kai. Jabir kuwa ba ya mantuwa, shi ya sa yake na ɗaya a aji.

Inna Barira tun hantsi take tsaye a bakin ruwa. Kwana uku tana shiri. Ta sa an kamo giwar ruwa, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta wanke randa sau biyu ta tace ruwan da sabon ƙyalle. Tana ganin jikan ta rangaɗa guɗa, ta shiga wasan kaka da jika.

"Ga maigidana ya taho! Miji wane iri, shekara takwas ba cefane?"

Maƙwabta suka cika gidan. Ta ɗebo ruwa a moɗa, ta durƙusa har ƙasa kamar amarya, ta miƙa masa.

"Ba zan sha ba," in ji Jabir. "Ba ku da tsabta."

Gida ya kwashe da dariya. Kowa ya ɗauka yaro ya iya wasa, ya rama. Tsohuwa ta fi kowa dariya, har da riƙe ciki.

"Ja'iri! Ni ad da dauɗa? Wa ag gaya maka?"

"Baba ne. Yanzu a jirgi ya faɗa."

Dariyar ta mutu. Almustapha ya daka tsawa: "Ƙarya yake yi!" Yaron ya dubi ubansa cikin mamaki, idonsa ya cika da hawaye.

Inna Barira ta mayar da ruwan cikin randa a hankali, ta rufe.

"Bar shi," ta ce. "Yaron ga bai iya ƙarya ba tukuna. Kak ka koya mishi ita ma."

Wallahi a nan ne ya kamata mutumin nan ya zube ya kama ƙafar uwarsa. Kalma ɗaya ce, "Inna, ki yafe mini." Amma idon mutane ya yi masa nauyi. Ya ce a ransa sai ranar da suke su biyu. Kafin la'asar ya kwashi iyalinsa suka koma jirgi, tuwon yana nan a rufe.

Ya ce sai ƙaramar Sallah. Ta wuce. Ya ce sai babba. In ya kira waya, takan amsa gaisuwa, ta tambayi maigidanta, ta miƙa wa wani.

Da damina ta yi nisa, ciwo ya kwantar da ita. Almustapha ya aika da mota har Wara a kawo ta asibiti a Kaduna. Motar ta dawo ba kowa. Tsohuwa ta ce a bar ta a ɗakinta.

Sai a lokacin ya taso da kansa. Ranar iska ta tashi a tafkin, masu jirgi suka ƙi ƙetarawa sai washegari. Da ya isa, an riga an dawo daga maƙabarta.

Ƙanenta, Kawu Mamman, ya ja shi gefe.

"Ta bar saƙo. Tac ce a gaya ma Jabir ta yafe mishi duniya da lahira, shi ba ya da laifi."

Almustapha ya tsaya yana jiran nasa saƙon.

"Ni fa, Kawu?"

Dattijon ya dafa kafaɗarsa.

"Na tambaye ta, ɗana. Har sau biyu. Ba ta ce komi ba."

Darasi: Yaro ba wuri kawai yake kallo a tafiya ba, bakinka yake saurare, kuma abin da ka raɗa masa game da danginka shi zai faɗa da ƙarfi. In ka ɓata wa iyayenka, nemi gafara a ranar, kar ka jira Sallah. Tura wa wanda ka san mahaifiyarsa tana da rai, ko zai kira ta yau.