Kunnen Tiyumba

Akwai wata mata a unguwar Sakasaka ta garin Tamale, sunanta Azaratu. Shinkafa da wake take sayarwa a bakin tasha, kuma kowa ya san bakinta ya fi yajinta zafi.

Ƙanenta Napari ya ba ta riƙon 'yarsa Tiyumba mai shekara shida, kamar yadda aka saba ba gwaggo 'yar ɗan'uwanta. Ita kuwa Azaratu dama ba ta shiri da uwar yarinyar, Sanatu. Gani take ita ta raba ta da ƙanenta.

Da damina Tiyumba ta yi wata mura mai naci. Murar ta wuce, amma yarinyar ta canza. A yi ta kiran ta, ba ta waiwayowa. A aike ta gishiri, ta kawo ashana.

"Ke Tiyumba! Da bango nake magana?"

"Gwaggo, ban ji ba."

"Za ki ji a jikinki! Rainin uwarki ne kika kwaso kaf."

Sai ta murɗe mata kunne.

Wata rana Sanatu ta zo gaisuwa. Ta lura 'yarta na kallon bakinta in tana magana, tana kuma goga kunne a kafaɗa.

"Yaya, kunnen yarinyar nan ba lafiya ba. Ki bari in kai ta asibiti."

Azaratu ta ajiye ludayi ta riƙe ƙugu.

"Au, ke za ki koya min riƙon ɗa? Mijin da kike taƙama da shi, a bayan nan na goya shi. Iskanci ne ke damun ta, kuma maganinsa na hannuna. Tashi ki ba ni wuri!"

Sanatu ta fita tana share hawaye.

Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe Tiyumba, tana kukan kunnenta kamar ana soka mata allura. Azaratu ta narka man kaɗanya ta tsiyaya mata a kunnen, ta ce ta tashi su tafi tasha, ita ba ta ciyar da malalaciya.

A can jiri ya kwashe yarinyar, ta saki tiren kwanuka a gaban masu ciniki. Azaratu ta ɗauke ta da mari, daidai kan kunnen. Ƙarar da Tiyumba ta saki sai da ta tsayar da tashar. Mugunya da jini suka gangaro mata har wuya.

Wata mai sayar da koko ta daka tsawa: "Azaratu, kashe ta za ki yi?" Nan take matar ta kira Napari a waya, ya zo aka kai yarinyar asibiti.

A asibiti likita ta haska kunnen, ta ɗago rai a ɓace. Ta ce tun lokacin murar ruwa ya taru a bayan dodon kunnen, shi ya sa take jin magana kamar daga ƙarƙashin ruwa. Daga baya ƙwayar cuta ta shiga ruwan, yanzu ga dodon kunnen ya fashe.

"Da an kawo ta da wuri, da abin bai kai haka ba. Za mu ba ta magani, amma ban yi alkawarin kunnen hagu zai dawo daidai ba. Wa ke zuba mata mai?"

Duk aka juyo aka dubi Azaratu. Napari, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya ce, "Yaya, ki je gida. A wurin uwarta za ta kwana."

Bayan sati biyu Azaratu ta haɗiye girman kanta, ta dafa zabo ta kai gidan ƙanenta. Tiyumba na ganin ta ta ƙanƙame zanen uwarta.

"Mma, tafiya da ni za ta yi?"

Sanatu ta dubi Azaratu ido cikin ido, ta ɗaga murya don 'yarta ta ji da kyau.

"Ba inda za ki. Har abada."

Babu wanda ya karɓi kwanon. Haka ta koma da shi gida.

Darasi: Ba duk yaron da bai amsa kira ba ne mai taurin kai. In yaro ya fara rashin ji bayan mura, ko yana jan kunne yana kuka, a kai shi asibiti, kada a zuba masa komai, kada a doke shi. Kuma kada ƙiyayyar da kake wa babba ta rufe maka ido kan ciwon yaro. Ku tura wa iyaye da masu riƙo, ko Allah zai sa a ceci kunnen wani yaron.