Mutumin da Ya Kori Masu Yi Masa Shuka

Akwai wani mutum a wani tsibiri can tsakiyar teku, wanda ya gaji kurmi daga ubansa, cike da itatuwa masu 'ya'ya kamar kanya. A tsibirin akwai wata irin kurciya mai koren gashi, ba ta cin hatsi sai 'ya'yan itace, kuma ko ka gama duniya ba za ka gan ta ba sai a nan. Da 'ya'ya sun nuna, sai kurciyoyin su sauko su haɗiye har da ƙwallon. Abin yana ƙona masa rai.

Ya ce, "Ni da wahala, su da ci? Cima-zaune kawai!" Ya kafa tarko, ya ɗauki majajjawa. Kafin shekara biyu kurmi ya yi tsit, ya riƙa kwasar 'ya'ya kwando-kwando har da 'yar waƙarsa.

To, itace ma yana tsufa. Manyan suka soma bushewa, ya duba ƙasa, babu tsiro ko ɗaya. Ya shuka ƙwallo ya yi ban ruwa, shiru. Ya zuba taki, shiru. Ya jiƙa wasu kwana uku, suka ruɓe. Ikon Allah! Ubansa bai taɓa shuka ko ɗaya ba amma kurmi ya cika, shi kuwa ga gumi, ga wayam. Kansa ya ɗaure tamau. Me zai bar wa 'ya'yansa, kututture?

Ya tafi wurin gwaggonsa, ya ce, "Gwaggo, ƙasar ce ta mutu, ko baki aka yi mini?"

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ina kurciyoyin?"

"Na kore su. Ina ruwan kurciya da shuka?"

"Ƙwallon nan ba ya tsira sai ya bi ta cikinta. Masu yi maka aiki ka kora."

Sai ya ce zai sayo wasu daga ƙetare.

Ta ce, "A wace kasuwa?"

Ya koma ya kwance tarkuna, ya bar 'ya'ya suna nuna a sama, kullum yana ɗaga kai. Har damina ta wuce, kurciya biyu kaɗai ya gani.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Kurmin nan gidanka ne, ikkilisiyarka ce. Kurciyar kuwa ita ce tsohuwar da ta daina zuwa gona, da gwauruwar nan da kake gani ci kawai ta iya. Ba ka san cewa addu'arsu ce ke tsirar da bangaskiya a zuciyar yaranka ba, gama Ubangiji yakan yi shukarsa ta hannun wanda ka raina. Idan ka kore su yau, ranar da za ka gane, babu kasuwar da za ka sayo wasu.