Mai Tsaron Gida da Sunan Aro

Akwai wani mutum, mai tsaron gida a wasan ƙwallo, wanda ya shekara goma sha ɗaya a ƙasar waje bai taka garinsu ba. Ran da ya dawo, sai ya tarar filin da suka koyi ƙwallo ya zama shaguna. An yi wa majami'a rufin kwano, an daina buga tsohon ƙarfen mota don kiran sujada, lasifika ke yi. Rafin da suke wanka ya janye. Mahaifiyarsa kuma ta fara dogara sanda.

A can ƙasar waje an san shi da suna Istifanus, ana yabonsa a cikin fili da wajen fili. Bai taɓa karɓar jan kati ba, ba a taɓa jin ya zagi alƙalin wasa ba, ranar hutunsa kuwa asibiti yake zuwa gai da marasa lafiya. Ba kuma don ganin ido yake yi ba. Sai dai sunan ba nasa ba ne. Sunansa Habila. Lokacin da masu neman 'yan wasa suka zo garin, 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai suke so, shi kuwa ya ba ashirin baya. Sai ƙanen mahaifinsa ya ɗauko takardar haihuwar ɗansa Istifanus ya miƙa masa, ya ce, "Je ka da ita, ai duk gida ɗaya ne."

Kwana uku da dawowarsa zama ya ishe shi, domin shi mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya taka zuwa gonar citta, ya sami ɗan'uwan nasa Istifanus a sunkuye yana cire ciyawa.

"Sannu da aiki, ƙanena. Ba an ce ka gama kwalejin malamai ba? Me kake yi a gona?"

Saurayin ya miƙe, ya yi dariya. "Yaya, ai mu biyu ne yanzu. Kai ne Istifanus na talabijin, ni ne na citta." Ya share hannu a wando. "Sau biyu ana ɗaukata aikin koyarwa. Da na je yin katin ɗan ƙasa, sai na'ura ta ce mai wannan suna da wannan ranar haihuwa ya riga ya yi, har da zanen yatsunsa. Ba kati, ba aiki."

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Baba ya hana. Ya ce kada a tayar maka da hankali kana tsaron raga."

To, dattawan ikilisiya sun riga sun roƙe shi ya yi wa matasa magana ran Lahadi a kan hali nagari. Sai ya je wurin babbansu ya kwashe duka ya faɗa masa. Dattijon ya jinjina kai ya ce, "Ɗana, wane ɗan wasa ne bai rage shekara ba? Ka buɗe wa yaron shago, magana ta mutu. In ka tona, hukumar wasa za ta dakatar da kai, wataƙila ba ka ƙara shiga fili ba."

Habila ya ce, "Baba, shago ba wuya. Amma shi koyarwa yake so, kuma da sunan da iyayensa suka raɗa masa."

Ran Lahadi majami'a ta cika har tagogi. Zumuntar mata suka yi masa waƙa, aka kira shi gaba da sunan da duniya ta san shi da shi. Ya tsaya ya dubi jama'a. Sa'an nan ya ce, "Sunana Habila. Shekaruna talatin da biyu, ba ashirin da bakwai ba. Mai sunan Istifanus ga shi can a benci na baya." Bai ƙara kalma ba, ya koma ya zauna. Ba wanda ya tafa. Waɗansu dattawa suka sunkuyar da kai, mahaifiyarsa kaɗai ta ce "Amin" a hankali.

Kashegari ya shiga haɗa jaka, zai koma ya gurfana gaban hukumar wasa da ƙafarsa. Ya sa takalman ƙwallonsa, ya fitar, ya sake mayarwa. Mahaifiyar ta buɗe akwatinta ta zaro takardar haihuwarsa ta ainihi, ta yi ja don daɗewa, ta ɗora a kan kayan.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: filin ƙwallo shi ne inda mutane ke kallonmu, gonar citta kuwa inda wani ke ɗauke da nauyin abin da muka yi. Mutumin nan ba munafuki ba ne. Kirkinsa na gaske ne, amma a kan hakkin ɗan'uwansa ya gina shi bai sani ba. Ran da ya sani, ran nan ne aka gwada halinsa, ba a shekara goma sha ɗayan da ya yi ba jan kati ba. Da yawanmu muna da shaida mai kyau a majami'a da wurin aiki, alhali akwai wanda ya yi shiru domin kada a tayar mana da hankali. Ku neme shi, ku tambaye shi. Kyauta ba ta maye gurbin mayar da abin da yake nasa.

Za ku so ku ji ko Habila ya sake buga wasa. Ban sani ba, shi ma bai sani ba sa'ad da yake zuge jakar. Abin da ya sani kawai, Allah ba ya kiran mutum da sunan aro.