Hoton Sama da Ya Wanke Yero

Akwai wani matashi mai suna Obadiya, ɗan kudancin Zariya, da aka turo ofishin gandun daji na Dutsin-Ma a shekarar 1986. Bai daɗe da gama jami'a ba. Aikinsa duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama, don a san inda daji ke ƙonewa.

Wata rana babur ɗinsa ya mutu a hanyar Rawayau da rana tsaka. Wani dattijon makiyayi, Yero, ya taya shi turawa har rugarsa, ya sa aka kawo masa fura da nono.

"Malam, me kake nema a dajinmu?" in ji Yero.

"Baba, hoton daji nake bi. Daga sama ake ɗaukarsa."

Yero ya yi dariya. "To in ka leƙa saman, ka duba mini karsanata da ta ɓace bara."

Da kaka, gobara ta cinye dammunan dawa na gida bakwai a ƙauyen da ke yamma da rugar. Wani manomi, Ɗanmaraya, wanda ya fi kowa asara, ya kai ƙara wurin mai gari.

"Ranka ya daɗe, kowa ya san makiyaya na ƙona daji don sabuwar ciyawa ta fito. Kuma duk mun ga hayaƙin, daga rugar Yero ya taso."

Mai gari ya ba Yero mako biyu ya tashi. Shekara ashirin da uku yana wurin, kuma nan aka binne mahaifiyarsa.

Da Obadiya ya ji, sai ya duba jadawalinsa. Tauraron yana ratsa yankin sau ɗaya a kwana goma sha shida, da hantsi. Sai ga shi ranar gobarar ta dace da ranar wucewarsa. Ya je ya roƙi mai gari kwana arba'in, don daga ƙasar waje ake wanko hoton.

Ɗanmaraya ya taɓe baki. "Yanzu takarda ce za ta gaya mana abin da idonmu ya gani?"

Mai gari dai ya amince. Amma an hana shanun Yero rijiyar gari, an daina sayen nonon gidansa. Kullum sai ya kora su can rafi.

Ana saura kwana biyu wa'adin ya cika, sai hoton ya iso. Obadiya ya shimfiɗa shi a tabarmar mai gari, ya nuna wani farin zane.

"Ranka ya daɗe, hayaƙi kai gare shi da jela. Inda ya tsuke, nan wuta ta fara. Inda ya baje, nan iska ta kai shi. Ruga tana ƙarƙashin jelar. Kan yana can gabas da ita."

"Gabas ina?" in ji mai gari.

Nan fa ɗan jami'a ya tsaya. Ya auna, ya sake aunawa, ya kasa faɗin wurin.

Yero ya matso, ya juya hoton yadda gabas ta koma gabas. "Wannan baƙin zaren rafi ne, ko? To ga inda ya lanƙwasa. Kan hayaƙin yana wajen tsamiya uku, inda ramukan gafiya suke."

Ɗanmaraya ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ni na cusa ƙaiƙayi a ramukan nan da sassafe, na kunna don gafiya ta fito. Na tattake wutar da ƙafata. Wallahi na ɗauka ta mutu."

Mai gari ya juya. "Yero, me kake so a yi masa?"

"Dawarsa ta riga ta ƙone, ranka ya daɗe. Me zan ƙara masa? A dai buɗe mini rijiya."

Sannan ya riƙe hannun Obadiya da hannu biyu. "Allah ya saka maka, ɗana. Ƙwaryar fura ɗaya na ba ka, ka mayar mini da gidana." Ya sake leƙa hoton. "Amma fa ban ga karsanata a ciki ba."

"Baba, ita sai hoto na gaba."

Har mai gari sai da ya dara.

Da rani ya shiga, manoma da yawa sun nemi Yero ya zaunar da shanunsa a gonakinsu don taki. Gonar Ɗanmaraya ya zaɓa.

Darasi: Inda ka hangi hayaƙi ba lallai ne nan wuta ta tashi ba, don haka kada ka yanke wa mutum hukunci sai ka bincika. Kuma kada ka raina ɗan alherin da za ka yi wa baƙo, ba ka san ranar da zai tsaya maka ba. Ka tura wa wanda ya taɓa tsaya maka lokacin da kowa ya juya baya, ka ce masa ka gode.